Sir Thomas Gresham: Attajirin da ya yi wa sarakunan Ingila uku canji

Duk wanda ya karanci ilmin tattalin arziƙi, ko da a makarantar sakandare ne, ya ci karo da ƙa'idar nan da ake kira dokar Gresham, wadda ke nuni da cewa gurɓataccen kuɗi yana korar nagari daga kasuwa. Mutumin da aka laƙaba wa ƙa'idar sunansa, wato Sir Thomas Gresham, bai taɓa koyarwa a jami'a ba, bai kuma wallafa littafi ko guda ba. Ɗan kasuwa ne da ya shafe shekaru sama da 20 yana ciyo wa sarakunan Ingila bashi daga ƙetare. Ya kama wannan aiki ne a daidai lokacin da darajar fam ta zube zuwa rabi, lamarin da ya taɓa kowa a ƙasar, tun daga fada har zuwa masaƙa da marina.

Asalinsa

An haifi Thomas Gresham a birnin Landan a wajejen shekara ta 1519, a cikin wani gida na fatake da ya samo asali daga gundumar Norfolk da ke gabashin Ingila. Mahaifinsa, Sir Richard Gresham, yana sayar wa fadar Sarki Henry na Takwas yadudduka masu tsada da kayan ado da yake shigowa da su daga ƙetare, kuma a shekara ta 1537 ya zama magajin garin Landan. Duk da arziƙin gidansu, sai da Thomas ya yi shekaru yana koyon fatauci a ƙarƙashin ƙanin mahaifinsa, Sir John Gresham, kafin a shekara ta 1543 a karɓe shi cikin ƙungiyar manyan dillalan yadi ta birnin. Shekara guda bayan haka ya auri Anne Ferneley, wadda mijinta na fari ya rasu ya bar mata dukiya mai yawa.

Harkar gidan nasu ta dogara ne kacokan a kan birnin Antwerp, wanda a yau yake cikin ƙasar Beljiyam, amma a wancan zamani yana ƙarƙashin daular Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Spaniya da yankunan Jamus. A can ne kayan yaji da 'yan Portugal ke kawowa daga Asiya suke haɗuwa da azurfa da jan ƙarfen kudancin Jamus da kuma yadin ulu na Ingila. Tun shekara ta 1531 birnin ke da wani dandali na musamman inda 'yan kasuwa ke taruwa a kowace rana domin cinikin takardun bashi da musayar kuɗi. Farashin da aka tsayar a wannan dandali shi ne ainihin darajar fam a idon duniya, ko me sarkin Ingila ya rubuta a jikin kuɗinsa.

Yadda sarki ya gurɓata kuɗinsa

Yaƙe-yaƙen da Sarki Henry ya shiga da Faransa da Scotland sun cinye baitulmali, har da dukiyar da ya ƙwace daga gidajen ibada na cocin Katolika. A saboda haka daga shekara ta 1544 sai ya umarci gidan buga kuɗi da ya riƙa rage azurfar da ke cikin sulalla yana cikewa da jan ƙarfe. Shekaru aru-aru kuɗin Ingila na ɗauke da azurfa kashi 92.5 cikin 100. Aka fara mayar da ita kashi 75, a shekara ta 1545 ta koma rabi, a 1546 kuma kashi ɗaya cikin uku. Bayan rasuwar Henry a 1547 masu riƙon sarauta a madadin ɗansa Edward na Shida, wanda ya hau karaga yana ɗan shekara tara, suka ɗora daga inda ya tsaya, har ta kai a shekara ta 1551 an buga sulallan da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai azurfa. Fadar ta samu ribar sama da fam miliyan ɗaya daga wannan aiki. Jama'a kuwa suka yi wa Henry laƙabi da mai hancin jan ƙarfe, domin hancin hotonsa da ke jikin sule shi ke fara gogewa, jan da ke ciki ya bayyana.

A cikin gida doka na iya tilasta wa mai sayar da burodi ya karɓi sabon sule a matsayin sule. A Antwerp babu wanda za a tilasta wa. 'Yan canjin birnin suna auna kuɗi, suna narka shi su ga abin da ke ciki. A farkon shekarun 1540 fam ɗaya na Ingila tana sayen sama da sule 26 na Flanders, wato kuɗin da ake lissafi da shi a kasuwar Antwerp. A tsakiyar shekara ta 1551 da ƙyar take kawo sule 13.

Da farko dai masu sayar da yadi zuwa ƙetare sun ga kamar gaba ta kai su. Yadin Ingila ya yi araha a hannun baƙi, ciniki ya buɗe, inda a shekara ta 1550 aka fitar da bandir kimanin 132,000 daga tashar Landan kawai, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Masu filaye suka riƙa mayar da gonaki makiyayar tumaki, ƙauyawan da ba su ƙware a sana'ar ba suka kafa masaƙu.

Sai dai kuma masaƙar Ingila ba da gashin tumaki kaɗai take aiki ba. Man zaitun da ake tausasa ulu da shi kafin a kaɗa daga Spaniya ake kawo shi. Alif, wanda sai da shi rini ke kama yadi, akasarinsa daga ma'adinan Tolfa da ke ƙasar Fafaroma a Italiya yake zuwa. Ganyen da ke ba da shuni, mai aiki irin na baba, daga yankin Toulouse na Faransa ake saye, saiwar jan rini kuma daga ƙasashen Holand. Dukkan waɗannan da kuɗin waje ake biya. Alal misali, gangar kayan rinin da farashinta bai motsa daga sule 26 a Antwerp ba, wadda a da fam ɗaya ke sayenta, yanzu sai an ba da fam biyu. Mai masaƙa ko marini da ya tsinci kansa a wannan hali, in bai iya ƙara farashin kayansa ba, abin da ya rage masa shi ne ya rage yawan abin da yake zubawa ko ya nemi mai araha da bai kai na da kyau ba. Mai saye ba zai gane ba sai ranar da aka jiƙa yadin.

Ƙorafe-ƙorafen wancan zamani sun nuna irin abin da aka riƙa yi. Ana miƙar da yadi a kan katako fiye da kima domin ya ƙara tsawo, da ya sha ruwa sai ya tsuke. Ana gauraya zare mai kyau da marar kyau, ana cusa ɓurɓushin ulu da alli domin a ɓoye rauni a kuma ƙara nauyi. Ba za a ce faɗuwar fam ce kaɗai ta haddasa wannan ha'inci ba, domin an san shi tun kafin nan, kuma gaggawar cika odar da ta yi yawa ita ma ta taka rawa. Amma abin lura shi ne, a shekara ta 1552, watanni kaɗan bayan canji ya kai ƙarshen lalacewa, majalisar dokokin Ingila ta ga tilas ta kafa wata doka mai tsawo da ta ƙayyade tsawo da faɗi da nauyin kowane irin yadin ulu, ta kuma tanadi masu dubawa da hatimi. Wani littafi da aka rubuta a shekara ta 1549, wanda akasarin masana ke jingina wa Sir Thomas Smith, ya riga ya kawo koken masu sana'a da 'yan kasuwa game da tsadar kayan ƙetare, ya kuma ɗora laifin a kan gurɓata kuɗi.

A lokacin bazarar 1551 gwamnati ta yi yunƙurin gyara, amma ta hanyar da ta ƙona talaka. Aka yi shela cewa sule ya koma nai, bayan 'yan makonni kuma aka ce ya koma sisi. Dattawan da suka yi ciniki da fam da sule kafin zuwan naira a shekara ta 1973 ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan asara: wanda ya kwana da kwabo 12 ya wayi gari da shida. Yadin Ingila ya daina araha a waje, kasuwar Antwerp kuma ta riga ta cika ta batse, saboda haka a shekara ta 1552 abin da aka fitar daga Landan bai wuce bandir 85,000 ba.

Wakilin sarki a Antwerp

A cikin wannan ruɗani ne, a ƙarshen shekara ta 1551, majalisar sarki ta naɗa Gresham wakilinta a Antwerp. Aikinsa shi ne ya ciyo sabon bashi, ya roƙi a ɗage lokacin biyan tsoho, ya kuma sayo wa fada abin da take bukata. Kuɗin ruwan da ake ɗora wa Ingila ya kai kashi 14 cikin 100 a shekara. Wani abin mamaki ma shi ne, a shekara ta 1552 majalisar dokoki ta haramta cin riba a kan bashi baki ɗaya a cikin ƙasar, alhali sarkin da ya sa hannu kan dokar yana biyan ta a ƙetare.

Kuɗin ruwan ma ba shi ne ƙarshen wulaƙancin ba. Wanda kuɗinsa ya yi rauni ba shi ke zaɓen abin da zai saya ba. Manyan masu ba da rance, musamman gidan Fugger na birnin Augsburg a Jamus, sukan gindaya sharaɗin cewa sai sarki ya karɓi wani kaso na bashin a matsayin kaya, a farashin da su suka yanke. Ta haka aka riƙa ɗora wa Ingila dilolin wani yadi mai kauri na auduga da gidan Fugger ke saƙawa, wanda daga baya akan sayar da shi da asara. Sarki Edward da kansa ya rubuta a kundin da yake ajiyewa cewa a shekara ta 1551, kafin a yarda a ɗaga masa lokacin biyan wani bashi, sai da ya amince zai sayi wani abin ado mai yaƙutu huɗu da daiman da lu'ulu'u a kan kuɗi masu ɗimbin yawa. Gresham ya yi ta faɗi-tashi domin kawo ƙarshen irin wannan ciniki.

Dabarunsa na ɗaga fam iri biyu ne. Ya nemi a riƙa aiko masa da kuɗi a asirce kowane mako, domin ya riƙa shiga kasuwar canji kullum da kaɗan-kaɗan ta hannun mutane daban-daban ba tare da an gane cewa sarki ne ke ciniki ba. Majalisar ta gwada hakan na 'yan makonni ta gaji. Dabara ta biyu ta fi tsauri. Sai a bari fataken Ingila su gama loda yadinsu a jiragen ruwa, sa'annan a hana jiragen tashi har sai sun amince za su miƙa wa Gresham wani kaso na cinikinsu a Antwerp da kuɗin Flanders, a biya su daga baya a Landan da fam, a kan farashin canjin da gwamnati ta yanke. A taƙaice dai rancen dole ne, kuma fataken, waɗanda abokan sana'arsa ne, ba su taɓa yafe masa ba.

Fam ta farfaɗo daga sule 16 zuwa kimanin 22, aka kuma biya mafi yawan bashin da ake bin Sarki Edward. Gresham bai ji kunyar danganta wannan nasara ga kansa ba a wasiƙun da ya riƙa aikewa fada, inda har ya ce ya ƙetare teku sau 40 cikin shekara biyu. Masana tarihin tattalin arziƙi na baya-bayan nan suna ganin ya zuzuta rawar da ya taka, domin dakatar da buga gurɓatattun sulalla da rage musu daraja da aka yi a 1551 su ne suka fi tasiri a kan canjin. Bisa ga dukkan alamu suna da gaskiya.

Da Sarauniya Mary ta hau mulki a shekara ta 1553 an sauke shi, kasancewar iyayen gidansa na siyasa sun faɗi. Wanda ya gaje shi ya je ya ciyo bashi da tsada, aka dawo da Gresham cikin 'yan watanni. A 1554 har Spaniya aka tura shi ya kwaso tsabar kuɗi.

Albarushi da sunan karan-miski

Zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta hau karaga a watan Nuwamban 1558, shi ne ganiyar Gresham. Ya samu kusanci da babban sakatarenta William Cecil, a shekara ta 1559 kuma aka ba shi lambar girma ta Sir. Ingila ta rasa garin Calais a hannun Faransa a farkon 1558, ga sojojin Faransa a Scotland, ga shi kuma ƙasar ba ta iya haɗa isasshen albarushi, domin ba ta da gishirin da ake yin sa da shi. Gresham ya riƙa sayen albarushi da wannan gishiri da farar wuta da sulke da bindigogi a Antwerp da Jamus. Da yake hukumomin yankin sun taƙaita fitar da makamai, sai ya koma fasa-ƙwauri, yana toshe bakin jami'an kwastan, a cikin wasiƙunsa kuma yana kiran albarushi da sunan karan-miski. Shi da kansa ya ga hatsarin dogaro da ƙetare a kan irin wannan kaya, ya ba da shawarar a kafa masana'antun albarushi a gida. A shekara ta 1561 gwamnati ta biya wani Bajamushe mai suna Gerard Honrick fam 300 domin ya koyar da yadda ake haɗa gishirin.

Tun a farkon mulkinta Gresham ya rubuta wa sarauniyar wasiƙa, ya shaida mata ba tare da kwana-kwana ba cewa mahaifinta ne ya karya canji da ya gurɓata kuɗi, kuma wannan ne ya sa zinariya mai kyau ta gudu daga ƙasar. Tsakanin 1560 da 1561 gwamnati ta janye gurɓatattun sulallan baki ɗaya. Aka buga wa masu ɗan dama-dama alamar ƙofar ganuwa, aka ƙimanta su kwabo huɗu da ɗari, mafiya lalacewa kuma aka buga musu hoton kare, aka ƙimanta su rabin haka. Aka ɗauko ƙwararru daga Jamus suka narka su suka tace azurfar, aka sake buga kuɗi a bisa tsohon ma'auni. Wannan aiki ne ya daidaita darajar fam na tsawon lokaci, abin da tsare jiragen fatake bai yi ba.

Daga waccan wasiƙa ce wani masanin tattalin arziƙi ɗan Scotland, Henry Dunning Macleod, ya ƙirƙiro sunan dokar Gresham a ƙarshen shekarun 1850, kusan shekara 300 bayan rubuta ta. Amma an riga Gresham gano wannan al'amari da daɗewa. Nicole Oresme ya yi bayaninsa a Faransa a ƙarni na 14, Copernicus ma ya yi a shekara ta 1526. A Masar kuwa, malamin tarihin nan Al-Maƙrizi, wanda ya taɓa riƙe muƙamin mai kula da kasuwannin Alƙahira, ya rubuta littafinsa Igasatul Umma a wajejen 1405, inda ya nuna yadda yawan buga kuɗin jan ƙarfe a zamanin sarakunan Mamluk ya kori dirhamin azurfa ya kuma haddasa tsadar rayuwa. Ƙa'idar dai tana aiki ne a inda hukuma ta tilasta a karɓi kuɗi biyu a daraja ɗaya alhali ɗaya ya fi ɗaya. Kowa sai ya ɓoye mai kyan, ko ya fitar da shi waje, ya yi cefane da gurɓataccen.

Kasuwar da ya gina

A shekara ta 1564 ɗansa namiji tilo, Richard, ya rasu yana saurayi. Bayan wannan rashi ne Gresham ya yi wa hukumar birnin Landan tayin cewa in ta samar da fili, zai gina wa 'yan kasuwa dandali irin na Antwerp da kuɗinsa, domin har lokacin a tsaye suke ciniki a titin Lombard, ko ana ruwa ko ana sanyi. Mahaifinsa ya taɓa kawo wannan shawara a 1538 ba ta yi nasara ba. An aza harsashin ginin a watan Yunin 1566. Mai zanen ginin da magina da dama da akasarin kayan aikin duk daga Flanders aka kawo su, abin da ya fusata maginan Landan. A watan Janairun 1571 Sarauniya Elizabeth ta ziyarci wurin ta kuma raɗa masa suna Royal Exchange. Kyautar ba ta zama asara ga mai ita ba, domin hayar shaguna kimanin 100 da ke saman benen aljihunsa take shiga.

Ginin ya zo a kan kari, domin tauraron Antwerp ya fara dusashewa. Rikicin addini ya ɓarke a yankin a 1566, Gresham ya bar birnin a shekara mai bi, sa'annan a ƙarshen 1568 aka rufe ciniki tsakanin Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashin Spaniya na tsawon shekaru. Sai ya shawarci sarauniya da ta koma cin bashi a hannun attajiran Landan, kuma dokar da ta sake halatta kuɗin ruwa har kashi 10 cikin 100 a 1571 ta sauƙaƙa hakan. Da wannan shawara ya rage wa muƙaminsa amfani da hannunsa. A 1574 ya bar aikin, masu binciken kuɗi kuma suka daɗe suna jayayya da shi a kan lissafinsa, domin bai cika bambanta aljihunsa da na fada ba. A shekarunsa na ƙarshe ya zuba jari a masana'antu, ciki har da ta takarda a gidan gonarsa na Osterley da maƙerar igwa a Mayfield.

Ya rasu farat ɗaya a ranar 21 ga watan Nuwamban 1579 a gidansa da ke unguwar Bishopsgate, jim kaɗan bayan dawowarsa daga kasuwar da ya gina. Ya bar filaye da gidaje masu yawa, ya kuma bar bashi mai nauyi. A cikin wasiyyarsa ya ce bayan ran matarsa a mayar da gidan nasa kwaleji, a riƙa biyan malamai bakwai daga hayar shagunan kasuwar domin su koyar da jama'a kyauta a fannonin ilmin taurari da lissafi da likitanci da shari'a da addini da balaga da kiɗa. Matar tasa ta yi iya ƙoƙarinta ta rusa wasiyyar domin amfanin 'ya'yanta na auren fari, ba ta yi nasara ba. Ta rasu a 1596, aka buɗe kwalejin Gresham a 1597, kuma a nan ne aka kafa ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a shekara ta 1660.

Ginin kasuwar na asali ya ƙone a babbar gobarar Landan ta 1666, wanda aka sake ginawa ma ya ƙone a 1838. Na uku, wanda aka buɗe a 1844, shi ne ke tsaye daura da babban bankin Ingila, an mayar da shi shagunan kayan alatu da wuraren cin abinci, a ƙololuwarsa kuma akwai siffar fara mai ruwan zinariya, wadda ita ce tambarin gidan su Gresham.